Tallar Google, tallar Facebook ko rubutu a shafin kanka: ina ƙaramin ɗan kasuwa zai zuba kuɗinsa?

Mai ƙaramar sana'a da ya ware ɗan abin da ya samu domin tallata hajarsa a intanet yakan tarar da masu ba shi shawara sun rabu gida uku. Wasu za su ce ya biya Google domin sunansa ya fito a sama duk lokacin da aka yi bincike, wasu su ce ya zuba kuɗin a Facebook da Instagram tunda can jama'a suke wuni, wasu kuma su ce ya buɗe shafinsa na kansa ya riƙa rubuce-rubuce har masu saye su gano shi ba tare da ya biya kowa ba. Kowace hanya a cikin ukun tana aiki, amma ba ga kowace sana'a ba, kuma yawancin asarar da ake tafkawa tana faruwa ne saboda an ɗauki hanyar da ta dace da mai otal an ɗora wa mai sayar da turaren wuta.

Ma'aunan da za a duba

Ma'auni na farko, wanda a ganina ya fi sauran nauyi, shi ne halin mai saye a lokacin da tallar ta same shi. Akwai kayan da mutum ke fita nema saboda buƙata ta taso masa, kamar mai haƙa rijiyar burtsatse, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, ko masauki a garin da zai kwana. Akwai kuma kayan da ba ya nema, sai ya gani sannan ransa ya biya, kamar sabon yayin atamfa, takalmi, mayafi ko kayan kicin. Wanda ya tantance ɓangaren da hajarsa ta faɗa ya riga ya yi rabin zaɓin.

Na biyu shi ne kuɗi, kuma abin da ake aunawa a nan shi ne nawa aka kashe kafin a samu mutum ɗaya da ya biya, ba yawan waɗanda suka gani ko suka yaba ba. Sai ɗorewa, wato abin da zai rage a hannu ranar da aka daina biya. Sai sauƙi, domin mai shago shi kaɗai ne manaja, shi ne mai ajiyar kuɗi, shi ne kuma mai amsa waya, ba shi da sa'o'in da zai ɓatar. Na ƙarshe shi ne haɗari: yadda kuɗi ke zurarewa, da yadda ake iya rasa asusu ko shafi dare ɗaya.

Tallar bincike ta Google

Google ya fara wannan tsari a shekarar 2000 da sunan AdWords, ya sauya masa suna zuwa Google Ads a 2018. Mai talla yana zaɓar kalmomin da yake tsammanin masu saye za su rubuta, ya faɗi iyakar abin da zai iya biya idan an latsa tallarsa, kuma ba a cire masa ko kwabo sai an latsa. Duk lokacin da wani ya yi bincike, ana yin gwanjo cikin ƙiftawar ido tsakanin masu tallar da suka zaɓi waɗannan kalmomi. Ba wanda ya fi zuba kuɗi ne kaɗai ke cinyewa ba, domin Google yana duba dacewar tallar da abin da aka nema da kuma ingancin shafin da za a kai mutum, har yana nuna wa mai talla makin inganci daga 1 zuwa 10. Saboda haka ƙaramin ɗan kasuwa da ya tsara tallarsa da kyau yana iya shiga gaban wanda ya fi shi jari.

Ƙarfin wannan hanya shi ne tana kama mutum a daidai lokacin da yake da niyya. Wanda ya rubuta cewa yana neman mai haɗa sola a Kaduna ba yawon buɗe ido yake yi ba, wutar ce ta ishe shi. Amma farashin latsawa ba shi da tsayayyen adadi, yana hawa da sauka gwargwadon yawan masu takara, don haka lissafin da ya kamata a yi shi ne na riba. A ƙaddara, don misali kawai, ana biyan naira 200 a kowace latsawa, kuma sai mutum 50 sun latsa kafin ɗaya ya saya. Kwastoma guda ya tashi a kan naira 10,000 ke nan. Ga mai haɗa sola da ke cin ribar naira 150,000 a aiki ɗaya, wannan ciniki ne mai kyau ƙwarai. Ga mai sayar da kwalbar humra da ribarta ba ta wuce naira 1,500 ba, asara ce tsantsa, sai fa idan kwastoman zai riƙa dawowa wata bayan wata.

Akwai ƙa'idar kasafi da ke firgita sababbin shiga. Idan aka sa naira 5,000 a matsayin kasafin yini, Google yana da damar kashe har ninki biyu a rana guda idan masu bincike sun yi yawa, sai dai a wata ba zai caji fiye da kasafin yini sau 30.4 ba, wato naira 152,000 a wannan misali. Wanda bai san haka ba zai duba da yamma ya ga an ci 10,000, ya ɗauka an yi masa sata.

Inda kuɗi ke zurarewa da gaske shi ne wajen zaɓen kalmomi. Idan aka bar su a buɗe, Google zai riƙa nuna tallar ga duk binciken da yake ganin yana da dangantaka da su. Mai haɗa sola da ya buɗe rahoton ainihin abin da mutane suka rubuta kafin su latsa tallarsa zai iya tarar da masu neman aikin yi a kamfanin sola, da ɗaliban da ke neman bayani don aikin makaranta, da masu son koyon haɗawa da kansu, kuma duk ya biya kuɗin latsawarsu. Maganin wannan shi ne jerin kalmomin da ake haramta wa tallar fitowa a kansu, tare da taƙaita ta ga garin da ake iya kai kaya ko zuwa aiki. Wannan rahoto yana buƙatar a riƙa duba shi aƙalla sau ɗaya a mako, kuma a nan ne hanyar ta rasa makin sauƙi, domin ba abu ne da ake kunnawa a juya baya ba.

Sai wata matsala da ta shafe mu kai tsaye. Google Ads yana da jerin harsunan da yake karɓar talla da su, akwai Ingilishi da Faransanci da Larabci, amma har zuwa lokacin wannan rubutu Hausa ba ta ciki, kuma tallar da aka rubuta da harshen da ba ya cikin jerin ana iya ƙin amincewa da ita. Ɗan kasuwan Kano zai yi tallarsa da Ingilishi, na Maraɗi ko Damagaram da Faransanci. Idan masu sayen kayansa ba da waɗannan harsuna suke bincike ba, ko kuma ba sa bincike a Google sam, to tallar tana magana ne da wasu mutane daban.

Ta fuskar ɗorewa kuwa, babu wani abin faɗa mai yawa. Ranar da kuɗi suka ƙare, ranar tallar ke ɓacewa. Abin da ke saura shi ne ilimin da aka samu game da kalmomin da ke kawo ciniki, da lambobin kwastomomin da aka adana.

Tallar Facebook da Instagram

Duka biyun, har da WhatsApp, na kamfani ɗaya ne, wanda ya koma amsa sunan Meta a 2021, kuma daga wuri guda ake sarrafa tallarsu. A nan ba a jiran mutum ya nema. Ana zaɓar gari, da shekaru, da jinsi, da abubuwan da mutane ke sha'awa, sai a sa musu hoto ko bidiyo a tsakiyar abin da suke kallo. Wannan ya sa hanyar ta fi dacewa da kayan da ido ke saye. 'Yar kasuwar da ke saro atamfa da leshi a Kantin Kwari ba ta buƙatar kowa ya rubuta sunan zanen a Google, abin da take buƙata shi ne mace a Abuja ko Jos ta ga yadda zanen ke ɗaukar haske a bidiyo na daƙiƙa goma sha biyar. Ana kuma iya yin bidiyon da Hausa, da muryar mai kayan, wanda hakan babbar dama ce a kasuwar da mutane da yawa suka fi son saurare a kan karatu.

Ana iya farawa da kuɗi kaɗan, kuma nau'in tallar da ke kai mutum kai tsaye cikin hirar WhatsApp ya dace da yadda muke ciniki, tunda mai saye yana son ya tambaya, ya nemi ragi, ya ji muryar mutum kafin ya tura kuɗi. Sai dai arahar tana da ruɗi. Saƙonni za su yi ta shigowa, akasarinsu "nawa ne?" daga nan kuma shiru, kuma kowane ɗaya an biya kuɗinsa. Rubuta farashi a jikin tallar yana rage yawan saƙonni, amma yana tace masu niyya daga masu taya kallo, kuma ina ganin ya fi alheri ga mai ƙaramin jari. A lissafa da harajin kayayyaki na kashi 7.5 cikin ɗari da Meta ya fara ɗorawa a kan tallar masu talla a Najeriya tun farkon 2022. Masu amfani da iPhone kuma su sani cewa tallata rubutu ta maɓallin Boost a cikin manhajar yana jawo ƙarin kashi 30 cikin ɗari na kamfanin Apple, abin da ake kauce masa idan aka biya ta burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet.

Talla a nan tana tsufa da wuri. Hoton da ya ja hankali a makon farko, idan mutanen gari ɗaya suka gan shi sau da yawa, sai su daina tsayawa a kansa, farashi kuma ya fara hawa. Dole a riƙa sabunta hoto da bidiyo, wanda shi ma aiki ne.

Haɗarin da ya fi tsanani shi ne rasa asusu. Meta yana rufe asusun talla idan na'urorinsa suka ga abin da ya saɓa ƙa'ida, kuma samun wanda zai saurari koke yana da wuya. Masu sayar da maganin gargajiya, da kayan mata, da mayukan gyaran fata su ne suka fi faɗawa wannan rami, saboda alƙawarin warkarwa da suke yi a tallarsu. A Najeriya ma doka ta ɗora wa NAFDAC sa ido a kan tallar magunguna da abinci da kayan shafe-shafe, hukumar ARCON kuma ita ce ke kula da harkar talla gaba ɗaya. Ga kuma 'yan damfara da ke turo saƙo da sunan Meta cewa za a rufe shafi idan ba a latsa wani adireshi ba, wanda ya latsa ya shigar da kalmar sirrinsa ya miƙa musu shafin da katin bankin da ke jikinsa. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato neman wata lambar sirri ta biyu bayan kalmar sirri kafin a shiga asusu, wajibi ne tun kafin a kashe naira ɗaya.

Rubutu a shafin kanka

Wannan hanya ita ce mai sana'a ya mallaki shafin intanet, ya riƙa wallafa bayanan da ke amsa tambayoyin da masu saye ke yi masa kullum, domin Google ya riƙa kawo masu bincike ba tare da an biya kuɗin latsawa ba. Mai sayar da abincin kaji ya rubuta yadda ake shirya ɗaki kafin 'yan tsaki su iso da yadda ake kula da su a lokacin zafi. Mai sola ya bayyana yadda ake lissafa batirin da zai ɗauki firji da fanka huɗu har asuba, da dalilin da ke sa batir mutuwa kafin lokacinsa. Wanda ya karanta ya ƙaru ya riga ya fara yarda da marubucin tun kafin ya kira shi, kuma yarda ita ce abin da ya fi tsada a cinikin intanet, inda kowa ke tsoron tura kuɗi ga wanda bai taɓa gani ba.

Kuɗin da ake kashewa ba su da yawa: rajistar sunan shafi da kuɗin masaukinsa, wato inda ake ajiye shi a intanet, waɗanda ake sabuntawa duk shekara. Sunayen da ke ƙarewa da .ng suna ƙarƙashin kulawar NiRA, ƙungiyar da ke kula da sunayen shafukan Najeriya, kuma ana biyansu da naira ta hannun kamfanonin cikin gida. Manhajar gina shafi ta WordPress, wadda ta fito a 2003 kuma fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya ke amfani da ita, kyauta ce, haka ma Blogger na Google. Ainihin farashin shi ne lokaci da haƙuri. Google da kansa ya sha faɗa wa masu shafuka cewa aikin inganta shafi domin bincike yakan ɗauki wata huɗu zuwa shekara kafin a ga amfaninsa. Wanda ke neman kuɗin hayar shago na watan gobe ba zai same su ta nan ba.

Amma a ma'aunin ɗorewa babu wadda ta kama ƙafarta. Rubutu mai kyau yana iya shekaru yana kawo mutane, kuma shafin mallakar mai shi ne. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara, kuma mun ga zahirin haka: an dakatar da Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, sannan a ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke gaba ɗaya na kusan sa'o'i shida. Duk wanda kasuwancinsa ke kan dandali ɗaya tak ya ji a jikinsa.

A nan ne kuma Hausa ke zama riba. Duk da tallar Google ba ta karɓar Hausa, bincikensa na kyauta yana kawo shafukan Hausa, kuma masu rubuta ingantaccen bayani da ita a kan kiwo, gini, wutar sola ko gyaran waya ba su da yawa. Wanda ya rubuta da Ingilishi yana takara da dubban shafuka daga ko'ina a duniya, wanda ya rubuta da Hausa kuwa sau da yawa filin kusan nasa ne. Gaskiya ne masu bincike da Hausa ba su kai na Ingilishi yawa ba, amma rubutun yana da amfani na biyu: a maimakon a maimaita bayani ɗaya ga mutum ashirin a waya, sai a tura musu adireshin, su ma su tura wa wasu.

Haɗarinta iri uku ne. Google yana sauya tsarin jera shafuka lokaci zuwa lokaci, kuma tun 2024 ya fara sa amsar da ƙirƙirarriyar basira ta haɗa a saman sakamako, abin da ke sa wasu su samu amsa ba tare da sun shiga shafin kowa ba. Wannan ya fi cutar da rubutun gama-gari, ya fi sauƙi ga rubutun da ke ɗauke da farashin gari, da hotunan aikin hannu, da abin da sai wanda ke cikin sana'ar ya sani. Na biyu shi ne gajiya, domin shafuka da yawa suna mutuwa bayan rubutu uku ko huɗu. Na uku, wanda nake so a kiyaye sosai, shi ne barin wanda ya gina shafin ya yi rajistar sunan da imel ɗinsa. Ranar da aka saɓa, ko ya sauya lamba, shafin ya tafi da shi. Rajista ta kasance da sunan mai kasuwanci, kalmar sirri kuma a hannunsa.

Abubuwa biyu na kyauta da ke gaba da duka ukun

Kafin a biya kowa, akwai Google Business Profile, wanda ke sa shago ya fito a taswira da lambar waya, da lokutan buɗewa, da hotuna, da ra'ayoyin kwastomomi. Akwai kuma WhatsApp Business, da ya fito a 2018, mai kundin kaya da amsa ta kai tsaye, ko da yake saƙon bai-ɗaya ba ya wuce mutum 256 a jeri guda, kuma sai wanda ya adana lambar mai shago yake samu. Duk tallar da aka biya a ƙarshe a waɗannan wurare take sauke mutane, don haka idan ba a amsa saƙo sai bayan kwana biyu, gara a riƙe kuɗin tallar.

| Ma'auni | Tallar Google | Tallar Facebook da Instagram | Rubutu a shafin kai |
|---|---|---|---|
| Wanda take kamawa | Mai nema da niyya | Mai kallo da ba ya nema | Mai neman bayani |
| Kuɗi | Ana biya a kowace latsawa | Ana iya farawa da kaɗan | Kaɗan a shekara, lokaci mai yawa |
| Saurin sakamako | Kwanaki | Kwanaki | Watanni |
| Bayan an daina biya | Tana tsayawa nan take | Tana tsayawa, mabiya na saura | Yana ci gaba da aiki |
| Sauƙi | Tana buƙatar koyo da bibiya | Sauƙin farawa, wuyar ƙwarewa | Yana buƙatar iya rubutu da naci |
| Amfani da Hausa | Ba ta cikin jerin harsuna | Ana yi, musamman a bidiyo | Ana yi, takara kaɗan ce |
| Babban haɗari | Kalmomi marasa amfani su cinye kasafi | Rufe asusu da kutse | Gajiya da sauyin tsarin Google |

Wace ce ta dace da wa

Mai sana'ar da ake nema lokacin buƙata, kuma ribar aiki ɗaya tana da kauri, kamar otal, haƙa burtsatse, haɗa sola, hayar motoci ko makaranta mai zaman kanta a lokacin ɗaukar ɗalibai, ya fara da tallar Google, ya taƙaita ta ga garinsa, ya ba ta wata guda da kuɗin da zai iya jure rasawa, yana tambayar duk wanda ya kira inda ya samu lambarsa.

Mai kayan da ido ke saye, tufafi, takalma, turare, kayan ɗaki, kek da abincin biki, ya nufi Facebook da Instagram da bidiyo na gaskiya, farashi a bayyane, ya kuma fara tun makonni kafin sallah ko lokacin bukukuwa, domin a samu sararin ɗinki da aika kaya ta mota. Duk wanda ya saya a roƙe shi ya adana lamba, saboda ciniki na biyu ya zo ta WhatsApp ba tare da an sake biyan Meta ba.

Mai sana'ar da sai an yi bayani kafin a saya, kamar kayan noma da kiwo, kayan gini, dillancin filaye ko koyar da sana'a, shi ne ya fi cin moriyar rubutu, da sharaɗin yana da wata hanyar samun ciniki a watannin farko, kuma zai iya fitar da rubutu mai ma'ana ko da sau biyu ne a wata. Idan yana da hali, ya haɗa da ƙaramar tallar Google na ɗan lokaci, domin rahoton kalmomin da mutane suka rubuta zai nuna masa ainihin tambayoyin da ya kamata ya amsa a shafinsa.

Shi kuwa mai shagon unguwa, mai aski, mai gyaran waya ko mai sayar da abinci da kwastomominsa ba su wuce tafiyar ƙafa ko ta adaidaita sahu ba, ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikin ukun a yanzu. Ya sa shagonsa a taswirar Google da hotuna masu kyau da lambar da ake ɗagawa, ya roƙi waɗanda suka ji daɗin aikinsa su rubuta ra'ayinsu a can, kuɗin tallar kuma ya ƙara su a jari.